Zauren Tambaya: Ranar da Yahudawa Ke Fara Ƙirga Yaro Cikin Manya

Wasiƙun wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi. Wani ɗan gajeren bidiyo ne ya zaga wayoyin jama'a, na wani yaro Bayahude da aka saɓo a kafaɗa ana kiɗa, hannunsa naɗe da baƙar igiyar fata, daga nan tambayoyi suka yi ta shigowa. Na tsamo bakwai. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar amsawa shi ne na yi shekara huɗu ina karatu a Manchester ta Ingila, ina zaune a unguwar Prestwich inda Yahudawa suke da yawa, kuma bango ɗaya ne tsakanina da wani gida nasu. Abin da za ku karanta, wani da idona na gani, wani matar gidan ce ta warware mini a kicin ɗinta, wani kuma a littattafansu na same shi.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Na ga bidiyon wani yaro a gaban wani ƙaton bango a birnin Ƙudus, ana buga ganga, ana busa ƙaho, mata na rangaɗa guɗa. Na ɗauka ango ne, sai na ga bai girmi ƙanena ba. Wane irin biki ne wannan? Daga wani ɗalibin jami'a.

AMSA: Ɗana, ba ango ba ne. Yaro ne da ya cika shekara 13, kuma suna kiransa bar mitsba. In za ka nema a intanet, Turawa Bar Mitzvah suke rubutawa. Bar ɗa ke nan a harshen Aramiyanci, mitsba kuma umarni a Ibrananci. Wato ɗan umarni, wanda dokokin addini suka hau kansa. Duk wanda ya taso yana jin kalmar mukallafi ba zai sha wuyar ganewa ba. Malamansu sun ƙirga dokokin Attaura 613, guda 248 na “yi”, guda 365 na “bari”, kuma daga wannan rana yaron ne da kansa zai amsa tambaya a kansu.

Wurin da ka gani Bangon Yamma ne, inda Yahudawa ke zuwa addu'a, kuma kusan na tabbata safiyar Litinin ce ko ta Alhamis. Sau uku ake fito da Attaura a mako: Litinin, Alhamis da Asabar. Ranar Asabar ba a kiɗa, ba a ɗaukar hoto, ba a kuma ɗaura wannan igiyar fatar. Sunanta tefilin. Ƙananan akwatuna ne biyu na baƙar fata, a cikinsu akwai nassi huɗu na Attaura da aka rubuta da hannu. Ɗaya a kan goshi, ɗaya a damtsen hannun da ba shi mutum ke aiki da shi ba, saitin zuciya, sannan a naɗe igiyar sau bakwai a kan hannu har zuwa yatsa.

Na maƙwabtana babu ganga a ciki, amma shi ne ya koya mini ma'anar abin. Tun wajen wata goma kafin ranar na fara jin yaron. Kullum in ya dawo daga makaranta, wajen ƙarfe biyar, sai murya ta ratso bango: aya ɗaya ana ta tisa ta, a hau a sauka, a yi tuntuɓe a wuri guda, a koma farko. A lokacin muryar tasa ta fara fashewa, in ya ja sama sai ta tsinke. Har na kai ga gane gurbin da yake faɗuwa, ni da ban san ko kalma ɗaya ta Ibrananci ba. In ya matso wurin sai in ajiye biro, in kasa kunne in ji ko yau zai haye.

Da na tambayi mahaifiyarsa me ya sa abin ke ba shi wuya haka, sai ta ce Attaurar da ake karantawa a majami'a ba irin littafin da ke kan kanta ba ce. Doguwar fata ce da aka naɗe a sanda biyu, marubuci ya rubuta ta da hannu, harafi 304,805, babu wasali ko ɗaya, babu alamar tsayawa, babu alamar yadda za a rera. Duk waɗannan a ka za a riƙe su. Ido na kan baƙi, sauran kuma sai abin da aka hardace.

Ranar Asabar ɗin ta ce kada in ɗauko jaka ko waya, kuma a ƙafa za mu tafi, domin su masu riƙo da gargajiya ba sa hawa mota a ranar. Maza na ƙasa, mu mata muna bene muna leƙowa. Aka kira mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya, sannan aka ɗaga murya aka kira shi da sunansa na Ibrananci, wane ɗan wane, ya taso. Wannan kiran aliya suke ce masa, wato hawa. Ya hau, aka miƙa masa wani ɗan tsinke na azurfa mai siffar hannu da yatsa a miƙe, domin ba a taɓa rubutun da hannu. Dattawa biyu suka sa shi a tsakiya, kowanne na bin karatun a littafi mai wasali. In ya kuskure harafi, a fili za su gyara masa, kuma dole ya koma ya maimaita. Ba a ɗaga masa ƙafa don yaro ne. Na dubi uwar, na ga ta damƙe ƙarfen benen har jijiyoyin hannunta sun tashi, leɓenta na motsi tare da shi, ashe ita ma ta hardace. Ya zo gurbin nan da na sani. Ya haye. Ban san sanda na sauke ajiyar zuciya ba. Da ya gama rera sashen littattafan annabawa da ke biyo baya, sai alewa ta fara sauka daga bene kamar ƙanƙara, ƙananan yara suka bazama ƙarƙashin kujeru suna tsinta.

Amma kafin alewar akwai abin da ya faru cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma shi ne ya zauna mini a rai har yau. Da yaron ya gama karatun Attaura, mahaifinsa ya matso kusa da shi ya furta wata gajeriyar magana. Na tambayi uwar me ya ce. Ta raɗa mini: “Yabo ya tabbata ga Wanda ya sauke mini alhakin wannan.” Na yi turus. Na ce, a ranar farin ciki uba ya miƙe a bainar jama'a ya ce ya sauke ɗansa? Ta ce ai ba daga zuciya ya sauke shi ba, gobe ma shi zai biya kuɗin makaranta. Abin da yake gaya wa yaron a gaban shaidu shi ne, daga yau in ka yi ƙarya taka ce, in ka yi alheri naka ne.

Na daɗe ina juya maganar nan. Uba yana son ɗansa, shi ya sa bakinsa ke nauyin faɗin irin wannan. A ko'ina cikin duniya za ka samu iyayen da ɗansu ya yi gemu suna nema masa uzuri, suna biyan ɓarnarsa a ɓoye, har ya tsufa bai taɓa jin nauyin abin da hannunsa ya aikata ba. Waɗannan mutane sun sa wa abin rana, sun sa masa kalmomi, sun tilasta wa uba ya furta su da bakinsa. Na ga idon mutumin ya kawo ruwa sanda yake faɗa.

TAMBAYA: Hajiya, me ya sa sai 13? A cikin Attaura aka ce haka? Kuma shin daidai yake da kaciya, ko da walimar sauka? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira. Attaura ba ta ambaci 13 ba. Hasali ma inda aka yi ƙidayar Isra'ilawa a cikinta, daga ɗan shekara 20 aka fara. Adadin 13 daga Mishna ya fito, kundin hukunce-hukuncen malamansu da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya. A wani babi nata an jero matakan rayuwar namiji: shekara 5 karatun Littafi, 10 karatun Mishna, 13 ɗaukar dokoki, 15 zurfafa ilimi, 18 aure, 20 fita nema. A wani babin an yi maganar alwashi: in yaro ɗan 12 ya yi bakance, sai a bincika ko ya san wa ya yi wa, in ya cika 13 da kwana ɗaya, maganarsa ta ɗaure shi, babu bincike. Sun kuma ambaci alamomin balaga na jiki, amma a aikace suna ɗauka cewa wanda ya kai shekarun ya kai.

Maganar da uban ya furta kuwa ta fito ne daga wani tsohon tafsirinsu na littafin Farawa, a kan tagwayen Annabi Ishaƙu, Yakubu da Isuwa. Tafsirin ya ce har shekara 13 tare suke zuwa makaranta, ba a bambance su. Bayan nan kowa ya kama hanyarsa. A nan ne wani malami, Rabbi Elazar, ya ce uba zai yi ta fama da ɗansa har 13, daga nan sai ya yi waccan godiya. Shi kuwa bikin a siffarsa ta yau, da kiran yaro ga Attaura da jawabi da walima, daga baya ya kafu, a tsakanin Yahudawan Jamus da kewaye a tsakiyar zamanai. Yahudawan Yaman ba su ma ba ranar wani muhimmanci sosai ba, domin yaransu tun suna ƙanana ake tsayar da su karatu a majami'a.

Ba shi da alaƙa da kaciya. Su ranar takwas da haihuwa suke yi. Da walimar sauka kuwa akwai kama ta fuskar karatu a gaban jama'a, amma mai sauka ya kai ƙarshen wani abu ne, wannan kuma ƙofar shiga ce, kuma ba sai ya iya komai ba kafin nauyin ya hau shi. Wani abin da zai burge ka a matsayinka na malami: yaron ba shi ke zaɓen abin da zai karanta ba. An raba Attaura kashi 54, kowane mako da nasa, kuma da kalandarsu ta Ibrananci ake lissafin ranar haihuwa. Wani zai dace da ƙissar Yusufu da 'yan'uwansa, wani kuma ya faɗa kan hukunce-hukuncen cutar fata, dole kuma ya tsaya ya ciro wa jama'a darasi daga ciki.

TAMBAYA: Yaya, duk maganar maza nake ji. Su 'yan mata fa, ba sa girma ne? Daga wata uwar 'ya'ya mata uku.

AMSA: 'Yar'uwa, suna girma, har sun riga maza. Yarinya a shekara 12 take zama bat mitsba, 'yar umarni, kuma a Talmud, babban kundin sharhin malamansu a kan Mishna, an kafa dalili da cewa an ba mace ƙarin fahimta. Sai dai ɗaruruwan shekaru ranar takan zo ta wuce shiru. Nauyi ya hau ta, azumi ya hau ta, amma babu wanda ya tara mutane dominta.

Wani babban malamin Bagadaza, Yosef Hayyim, wanda ya rasu a 1909, ya rubuta cewa ya kamata yarinya ta yi murna a ranar, ta sa sabon kaya ta yi godiya. Amma abin da ya fasa ƙwai a New York ya faru, ranar Asabar 18 ga Maris, 1922. Rabbi Mordecai Kaplan ya tsayar da 'yarsa Judith, 'yar shekara 12, a gaban majami'arsa ta karanta nassi. Ba a ba ta naɗaɗɗiyar fatar ba, daga bugaggen littafi ta karanta, kuma sai da maza suka gama nasu. Duk da haka kakanninta mata biyu ba su so ba. Ki lura da lokacin: ba a cika shekara biyu ba da matan Amurka suka samu 'yancin jefa ƙuri'a a 1920.

Malamai masu riƙo da gargajiya sun rabu. Moshe Feinstein na New York ya ƙi yarda a yi shi a cikin majami'a. Yehiel Weinberg, wanda ya tsira daga yaƙin duniya na biyu, ya goyi bayan a yi, yana cewa a zamanin da 'yan mata ke zuwa makaranta kamar kowa, a yi wa ɗa shagali a share 'ya abu ne da ke yi mata rauni a zuciya. Ovadia Yosef, babban malamin Yahudawan gabas, shi ma ya halatta walimar. Yau a majami'un masu sassauci yarinya na hawa ta karanta Attaura daidai da namiji, galibi a shekara 13, kuma ana ƙirga ta a jam'i. A wajen masu gargajiya kuwa jawabi take yi a gida ko a zauren taro.

Ƙanwar yaron nan, 'yar shekara goma, tana gefena a bene ranar, hannunta cike da alewar jifa. Ta ce mini saura shekara biyu nata, ita ba za ta hau can ba, amma ta riga ta san abin da za ta yi jawabi a kai. Ni dai ina tare da Weinberg. Wanda aka ɗora wa kaya, ya cancanci a tsaya a dube shi ranar da ya ɗauka.

TAMBAYA: Anti, da duk abin da ke samun Falasɗinawa, ki rasa abin rubutawa sai bikin Yahudawa? Daga wani mai karatu da ransa ya ɓaci.

AMSA: Ɗan'uwa, ban raina zafin da ke ranka ba, ni ma ina kwana da shi. Amma a 1948 aka kafa ƙasar Isra'ila, wannan al'ada kuwa ta girme ta da ɗaruruwan shekaru. Yahudawan Fas da Bagadaza sun yi ta a tsakiyar maƙwabta Musulmi, guɗar da ake ji a bidiyon ma daga irin waɗannan ƙasashe aka taho da ita. Wajen rabin Yahudawan duniya ba a Isra'ila suke zaune ba. Maƙwabtana a Ingila aka haife su, su da iyayensu. Sanin yadda mutane ke tarbiyyar 'ya'yansu daban, goyon bayan abin da wata gwamnati ke aikatawa daban. An tambaye ni, kuma ba zan ba masu karatuna jita-jita a inda nake da sani ba.

TAMBAYA: Anti, na ji an ce dukiya ake narkarwa a bikin nan kamar na aure. Gaskiya ne? Daga wata 'yar kasuwa.

AMSA: Akwai gaskiya a ciki, Hajiya, musamman a wasu gidajen masu hali a Amurka, inda ake kama zauren otal, a ɗauko makaɗa, har karatun da yaro ya yi da safe ya zama kamar share fage. Malamansu da kansu sun daɗe suna kuka da wannan. Walimar tana da tushe: Shlomo Luria, malamin ƙasar Folan a ƙarni na 16, ya yanke cewa cin abincin ranar ibada ne, musamman in yaron ya yi jawabin ilimi a wurin. Amma tun a waɗancan zamunna shugabannin unguwannin Yahudawa a Turai sukan kafa doka a kan yawan baƙin da za a gayyata walima, don kada talaka ya ci bashi garin gasa.

Maƙwabtana masu matsakaicin hali ne. Bayan addu'a an ci kifi da kek a tsaye a zauren majami'a, washegari Lahadi aka yi liyafar dangi. Kyauta mafi yawa littattafai ne, sai ambulan na kuɗi: fam 18, fam 36, fam 54. Na tambayi dalilin 18. Kalmar hai, wato rayayye, harafi biyu ce, na farko lissafinsa 8, na biyu 10. Malamanmu masu hisabi za su gane nan take, domin ha ƙarami 8 ne, ya kuma 10. Wanda ya ba ka 18 fatan tsawon rai ya yi maka.

Ranar Litinin na tarar da yaron a teburin kicin ya baje ambulan yana lissafi da fensir. Yana ware kashi ɗaya cikin goma ne na tsedaka, kalmar da kunnenki zai ji kusancinta da sadaka. Uwar ba ta sa masa baki a kan inda zai kai ba. Ta ce kuɗinsa ne, hukuncinsa ne. Wasu iyalan kuma sukan haɗa sunan ɗansu da na ɗaya daga cikin yara Yahudawa kusan miliyan ɗaya da rabi da 'yan Nazi suka kashe, wanda bai kai ga tasa ranar ba. Cibiyar Yad Vashem da ke Ƙudus na ba da sunayen, sai yaron ya ambaci wancan a jawabinsa.

TAMBAYA: Gwaggo, maraya fa, ko wanda iyayensa ba su da hali, ko wanda yaƙi ya hana? Shi ke nan bai zama babba ba? Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata, ya zama. Sunan na yaron ne tun asali, daga baya aka ara wa bikin. Ko an yi taro ko ba a yi ba, ko yana kwance asibiti, ranar da ya cika shekarun nauyin ya hau shi.

Duk da haka mutane sun sa ransu a haɗari don kada ranar ta wuce shiru. A 1944, a sansanin Bergen-Belsen na 'yan Nazi a Jamus, wani malami daga Holan, Simon Dasberg, ya gano cewa wani yaro a ɗakinsu, Joachim Joseph, ya kusa 13. Yana da wata 'yar ƙaramar Attaura da ya ɓoye. Ya riƙa koya masa da dare, kuma wata asuba aka toshe tagogi aka yi masa abinsa kafin a fita aikin dole. Malamin ya ba shi Attaurar, ya ce ya riƙe, ya kuma ba duniya labari. Dasberg bai fita da rai ba. Yaron ya rayu, ya zama masanin kimiyya a Jami'ar Tel Abib. Wannan 'yar Attaura ce ɗan sama jannatin Isra'ila Ilan Ramon ya tafi da ita a kumbon Columbia, ya ɗaga ta ya nuna daga sararin samaniya. Kumbon ya tarwatse a hanyar dawowa ranar 1 ga Fabrairu, 2003, da mutum bakwai a ciki.

Akwai kuma masu yi da girma, musamman matan da aka haifa kafin a buɗe musu ƙofa. Akwai ma na biyu a shekara 83: Zabura ta ce kwanakin mutum shekara 70 ne, saboda haka wanda ya ƙara 13 a kai kamar ya sake kaiwa ne. Ɗan fim ɗin Amurka Kirk Douglas ya yi nasa a 1999. Judith ɗin nan ta 1922 ta sake tsayawa a 1992, tana da shekara 82.

TAMBAYA: Anti, ni abin da ban gane ba, ɗan shekara 13 ai yaro ne. Aure zai yi ko gida zai riƙe? In babu ko ɗaya, me ya canza? Daga wani magidanci.

AMSA: Alhaji, babu ko ɗaya. Ranar Litinin jakarsa zai rataya ya koma aji. A Isra'ila shekarun aure 18 ne tun 2013, a 18 ɗin kuma ake shiga soja, ake jefa ƙuri'ar majalisa. Uban ma bai huta ba. Talmud ya lissafa abin da ke wuyan uba: ya yi wa ɗansa kaciya, ya koya masa Attaura, ya koya masa sana'a, ya yi masa aure, wasu suka ƙara da koya masa iyo. Rabbi Yehuda har cewa ya yi wanda bai koya wa ɗansa sana'a ba kamar ya koya masa fashi ne.

Abin da ya canza yana cikin ibada da amana. Azumin Yom Kifur, wajen awa 25 babu ci babu sha, da a baya rabin yini ake sa shi don ya saba, yanzu cikakke ya hau shi. Tefilin kowace safiya in ban da Asabar da ranakun idi. Alwashinsa ya zama alwashi. Zai iya jan jama'a addu'a, dattijo mai furfura ya amsa masa amin. Sannan akwai minyan: wasu addu'o'in ba sa yiwuwa sai da manya goma. Tara ba su isa ba, ko da duk taran malamai ne.

Kamar mako shida bayan bikin, a tsakiyar hunturu, ina kicin ɗin maƙwabciyata muna shan shayi. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna amma gari ya fara duhu, titi ya daskare, mota ma da kyar take tafiya. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne daga ƙarshen layin, hancinsa ya yi ja saboda sanyi. An yi rasuwa a gidan da ke kusa da nasa, suna cikin zaman makoki na kwana bakwai, 'ya'yan mamacin na son yi wa mahaifinsu addu'ar kadish, ga shi su tara ne, sanyi ya hana tsofaffi fitowa. Ya tambayi maigidan. Ta ce bai dawo daga aiki ba. Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya ce, “Yaron fa? Ai ya cika ko?” Ta ce, “Ya cika.”

Yana falo a kwance a kan kafet, littafin lissafi a buɗe, rabin biskit a hannu. Ba ta ce masa tashi ba. Ta dai tsaya a bakin ƙofar falon ta ce, “Su tara ne.” Ya dube ta, ya dubi dattijon. Ya ajiye biskit ɗin a kan littafin, ya jawo rigar sanyinsa, ya gyara 'yar hular da ke kansa. Muka tsaya a taga muna kallonsu suna takawa a hankali kan ƙanƙara, tsohon ya dafa kafaɗar yaron don kada santsi ya kwashe shi.